Kore da Ja: Babakere da Ta'assubanci a Kasuwar Katin Hoto

A cikin kayayyakin da ake harhaɗawa su zama kwamfuta, kaɗan ne farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a 'yan shekarun nan, kaɗan ne kuma masu sayensu suke jayayya a kansu da zafin rai, kamar abin nan da ake kira katin hoto. Shi dai faifai ne na lantarki da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta, ɗauke da wata ƙwaya ta silikon, da ma'adanarsa ta kansa, da fankokin da ke sanyaya shi. Aikinsa kuwa shi ne ya lissafa launin kowane ɗigo da ke kan allo, ya sake lissafa shi sau 60 ko fiye da haka a cikin daƙiƙa guda, domin hoto ya motsa ba tare da tangarɗa ba. Masu wasannin kwamfuta ne suka fara raya kasuwarsa, amma a yau mai tace fim, da mai zanen gini, da injiniya, da ɗalibin da ke nazarin ƙirƙirarriyar basira, duk sun wayi gari ba su da makawa sai da shi.

Wannan kasuwa, duk da girmanta, a hannun gidaje biyu take tun farkon ƙarnin nan, wato Nvidia mai tambarin GeForce da koren launi, da kuma masu tambarin Radeon da jan launi, wanda yanzu yake hannun AMD, sai kuwa Intel da ya shigo a 2022 yana neman wurin tsayawa. Ƙididdigar da kamfanin Jon Peddie Research yake fitarwa ta nuna cewa a 2024 da 2025, cikin kowane kati goma da aka fitar domin kwamfutocin tebur, kimanin tara na Nvidia ne. Masu saye kuma sun rabu gida biyu, 'yan kore da 'yan ja, kowane ɓangare yana kare nasa ko da hujja ko babu. Wanda duk ya bi tarihin al'amarin a tsanake zai tarar da ƙwarewa ta gaskiya a ciki, zai tarar da dabarun toshe wa abokin hamayya hanya, zai kuma lura da wani abu da ya fi waɗannan muhimmanci: kusan duk lokacin da babban kamfanin ya janye daga wani mataki na cin zali, kukan masu saye da masu gwada kaya ne ya janye shi, wannan kuka kuwa shi ne abin da ta'assubanci yake fara kashewa.

Yadda kasuwa ta koma hannun biyu

A tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera ƙwayar hoto suna da yawa: akwai S3 da Trident da Rendition da 3dfx a Amurka, akwai Matrox da ATI a Kanada, akwai kuma Nvidia, wanda Jensen Huang da abokansa biyu, Chris Malachowsky da Curtis Priem, suka kafa a jihar Kalifoniya a 1993. Wanda ya fi kowa tashe a cikinsu shi ne 3dfx, wanda ya fitar da katin Voodoo a 1996, ya haɗa shi da wata hanyar rubuta wasa ta kansa mai suna Glide, wadda ba ta aiki sai a kan katinsa, masoyansa kuma suka yi masa irin biyayyar da har yau ake ba da labarinta. Amma a ƙarshen 1998 sai ya yanke shawarar sayen kamfanin STB domin ya riƙa haɗa katinsa da hannunsa, ya juya wa sauran masu haɗa kati baya, su kuwa suka kwashi cinikinsu suka kai wa Nvidia; sa'an nan masu rubuta wasanni suka karkata ga Direct3D na Microsoft da OpenGL, waɗanda kowane kati yake iya ganewa. Kafin 2000 ta ƙare 3dfx ya durƙushe, Nvidia ya saye abin da ya rage na fasaharsa.

Abin lura a wannan ƙissa shi ne, kamfanin da ya kulle masu sayensa a cikin fasaharsa ya hallaka ne saboda a lokacin akwai wuraren da za a koma idan an yi fushi da shi. Bayan faɗuwarsa sai wuraren suka yi ta raguwa, har ya zama saura Nvidia, wanda ya fitar da GeForce 256 a 1999, da ATI, wanda ya fitar da Radeon a 2000. A 2006 AMD ya saye ATI a kan kuɗi kimanin dala biliyan 5.4, ya ɗora wa kansa bashi mai nauyi a daidai lokacin da yake fafatawa da Intel a kasuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda hakan ya sa shekaru da yawa sashen Radeon yana faɗa da ƙarfin da aka raba biyu.

Wajibi ne kuma mai karatu ya fahimci yadda sana'ar take tafiya, domin a nan ne ikon yake. Nvidia da AMD zanen ƙwayar suke yi, su miƙa shi ga masana'anta, galibi TSMC ta ƙasar Taiwan, ta buga musu. Daga nan su sayar da ƙwayar ga kamfanonin haɗa kati irin su ASUS da MSI da Gigabyte da Zotac da Sapphire, waɗanda ke ɗora ta a kan faifai, su sa mata fanka, su kai kasuwa da sunansu. Ribar waɗannan masu haɗa kati ƙarama ce, rayuwarsu kuma tana rataye ne a kan yawan ƙwayar da aka ware musu da lokacin da aka ba su ita. Saboda haka mai ƙwaya ba ya bukatar ya yi wa kowa barazana a fili. Ya isa kowa ya san cewa rabon kaya a hannunsa yake.

Mudun da aka buga wa gindi

Tun da mai saye ba shi da ikon buɗe ƙwaya ya ga abin da ke ciki, dogaronsa yana kan manhajojin gwaji da masu sharhi suke auna saurin kati da su, waɗanda matsayinsu a wannan kasuwa shi ne matsayin mudu a kasuwar hatsi. Kamfanonin biyu kuwa kowannensu an taɓa kama shi ya buga wa mudun gindi. A 2001 aka gano cewa manhajar da ke tuƙa katin Radeon 8500 na ATI tana gane wasan Quake III, wanda ake yawan gwaji da shi, sai ta rage ingancin hoto a ɓoye domin alƙaluman sauri su ƙaru, aka kuma tabbatar da haka ta hanyar sauya sunan wasan, sai saurin ya ragu, hoton ya gyaru. A 2003 kamfanin Futuremark, mai manhajar gwaji ta 3DMark03, ya zargi Nvidia da irin wannan aiki a kan katunan GeForce FX, ya kuma ce ya ga ɗan abin da ya yi kama da shi a wajen ATI.

A ƙarshen 2006 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta nemi takardu daga kamfanonin biyu bisa zargin haɗa baki wajen tsayar da farashi. An rufe binciken a 2008 ba tare da an gurfanar da kowa ba, ƙarar da wasu masu saye suka shigar kuma aka sasanta ta a kan dala miliyan 1.7, kowane kamfani ya biya rabi ba tare da amsa laifi ba. Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba a tabbatar da laifin ba; amma kuma hankali ya san cewa inda masu sayarwa biyu ne kaɗai, kowannensu yana ganin farashin ɗan'uwansa a fili, ba sai an zauna a ɗaki an ƙulla wata yarjejeniya ba kafin farashi ya daidaita a sama.

Mas'alar da ta fi kowace fitowa fili ita ce ta GeForce GTX 970, wanda aka fitar a Satumbar 2014, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai saboda ƙarfinsa da sauƙin kuɗinsa. An tallata shi da ma'adana mai gigabait 4, sai a Janairun 2015 masu amfani da shi suka lura yana yin tsaiko idan aiki ya haura gigabait 3.5. Da aka matsa, Nvidia ya bayyana cewa ma'adanar kashi biyu ce, 3.5 mai sauri da 0.5 mai nawa ƙwarai, kuma wasu alƙaluman da aka raba wa masu sharhi ba daidai ba ne, ya ɗora laifin a kan rashin fahimta tsakanin injiniyoyinsa da sashen talla. Irin wannan shi malaman fikihu suke kira tadlisi, wato ɓoye aibin da in da mai saye ya san shi da ya sake shawara, suka kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda shi. An kai ƙara, aka sasanta a 2016 bisa biyan kowane mai saye a Amurka dala 30. AMD ma bai tsira ba, gama a 2017 an tarar ana sayar da wani Radeon RX 560 mai sassan lissafi 14 da sunan da aka san mai 16 da shi, sai da aka yi kuka sa'an nan ya ba da haƙuri.

Ƙofofin da ake kullewa

Algus irin wannan, da zarar an gano shi, ya ƙare. Abin da ya fi daɗewa yana aiki shi ne fasahar da ake ƙera ta da gangan domin kada ta yi aiki a gidan maƙwabci. A 2008 Nvidia ya saye kamfanin Ageia mai fasahar PhysX, wadda ke lissafa motsin ruwa da hayaƙi da tarwatsewar abubuwa a cikin wasa; a 2009 kuma ya fitar da manhajar da ke kashe wannan fasaha a kan katinsa idan ta ga akwai katin AMD a cikin kwamfutar, har ya zama mutum ya biya kuɗin katin Nvidia amma an hana shi amfaninsa saboda ya haɗa shi da na wani. Daga baya ya tattara irin waɗannan kayan aiki a ƙarƙashin sunan GameWorks yana ba masu rubuta wasanni, a rufe, ta yadda injiniyoyin AMD suka yi ta ƙorafin cewa ba sa iya ganin cikinsu balle su daidaita katinsu da su. Rigimar ta kai ƙololuwa a 2015 da fitowar wasan The Witcher 3 na wani kamfanin ƙasar Folan, inda kunna fasahar zana gashi ta HairWorks take jawo wa katunan AMD nauyi mai yawa, har ma da tsofaffin katunan Nvidia ɗin kansa.

Haka aka yi da allo. A 2013 Nvidia ya fito da G-Sync, dabarar da ke daidaita saurin allo da na kati domin kada hoto ya riƙa yagewa, amma sai an sa wata na'ura tasa a cikin allon, wadda ke ƙara masa tsada, kuma a lokacin ba ta aiki da katin kowa sai nasa. Wanda ya sayi irin wannan allo ya ɗaure kansa ke nan, domin ranar da ya so sauya kati zuwa na AMD sai ya yi asarar abin da ya biya kuɗi dominsa. AMD ya mayar da martani a 2015 da FreeSync, wanda aka gina a kan ƙa'ida buɗaɗɗiya da kowane mai ƙera allo zai iya ɗauka ba tare da biyan ladan fasaha ba. Da allunan FreeSync suka cika kasuwa, sai a Janairun 2019 Nvidia ya sassauta, ya bar katunansa su yi aiki da su, abin da ya nuna cewa tun da farko ba gazawar fasaha ce ta hana ba.

Mafi girman waɗannan ƙofofi ita ce CUDA, kuma a kanta ne ya wajaba a yi wa Nvidia adalci cikakke. Tun daga 2006 kamfanin ya fara zuba dukiya a kan wannan hanya da ke bai wa masana damar yin lissafin kimiyya da katin hoto, a lokacin da mutane da yawa ba su ga ribar hakan ba, ya kai ta jami'o'i, ya yi haƙurin shekaru. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka horar da wata manhajar gane hotuna a kan katunan GTX 580 guda biyu, ta yi wa sauran masu gasa fintinkau, daga nan zamanin ƙirƙirarriyar basira na yanzu ya buɗe. Wannan nasara halal ce, ta hangen nesa da juriya. Sai dai CUDA ba ta aiki a kan katin kowa sai na Nvidia, kuma da yake an shafe shekaru ana rubuta manhajojin bincike da na zane a kanta, mai sana'a da yawa a yau yana sayen katin kore ne domin kayan aikinsa ba za su tashi a kan wani ba, ko da kuwa ransa yana son wanin.

Kada a ɗauka AMD waliyyi ne a wannan fage. Buɗe fasaha ya fi sauƙi ga wanda yake baya, gama ba shi da abin da zai rasa. A 2023 wasan Starfield, wanda AMD ya yi haɗin gwiwa da masu shi, ya fito da fasahar gyara hoto ta AMD kaɗai, wato FSR, babu DLSS ta Nvidia, aka yi ta zargin cewa AMD ne ya hana, shi kuma ya musanta, sai daga baya aka ƙara ta. A 2025 kuma da AMD ya fitar da FSR 4, sai ya keɓe ta ga sababbin katunansa na RX 9000, kamar dai yadda abokin hamayyarsa ya saba yi.

Lokutan da aka ja da baya

A watan Maris na 2018 Nvidia ya sanar da wani shiri mai suna GeForce Partner Program, ya ce manufarsa ita ce mai saye ya san abin da yake saye. Bayan 'yan kwanaki ɗan jarida Kyle Bennett na shafin HardOCP ya buga rahoton cewa sharaɗin shiga shirin shi ne kamfanin haɗa kati ya keɓe fitaccen tambarinsa na wasanni ga GeForce kaɗai, wanda ya ƙi kuwa zai rasa tallafin talla da damar ganin sabuwar fasaha da wuri, kuma masu haɗa katin suna tsoron a rage musu rabon ƙwaya. Bai kuma ɓoye ba cewa AMD ne ya fara jawo hankalinsa ga al'amarin. Ma'anar wannan ita ce, sunaye irin su ROG na ASUS da Aorus na Gigabyte, waɗanda masu su suka ɗauki shekaru suna ginawa har jama'a suka amince da su, za su zama mallakar Nvidia a aikace. Ba a jima ba ASUS ya ƙirƙiro wani baƙon suna, AREZ, ya ɗora wa katunan Radeon. Masu saye suka yi caa, masu sharhi suka ƙi sakin maganar, har a ranar 4 ga Mayu Nvidia ya soke shirin, yana mai cewa jita-jita da ƙarairayi ne suka dabaibaye shi.

A Disambar 2020 kamfanin ya rubuta wa masu gwada kaya na Hardware Unboxed da ke Ostareliya cewa ba zai ƙara aika musu katunan gwaji ba, saboda ba sa bai wa fasahar bin sawun haske muhimmancin da yake so a sharhinsu. Da wasiƙar ta fito fili, sauran masu sharhi suka tsaya tare da su, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye ya ba da haƙuri. A Oktobar 2022 ma, bayan ya sanar da katuna biyu da suna ɗaya, RTX 4080, alhali ƙwayar ɗayan ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suka ta yi yawa har ya janye ƙaramin kafin ya shiga kasuwa, ya dawo da shi a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti, farashinsa kuma ya sauko daga dala 899 zuwa 799. Wata guda kafin a janye ƙaramin katin, kamfanin EVGA na Amurka, wanda ya shafe fiye da shekaru 20 yana haɗa katunan Nvidia kuma mafi yawan kuɗin shigarsa daga nan suke, ya sanar da cewa ya bar sana'ar ɗungurungum, shugabanninsa suna kukan cewa ba a gaya musu farashi sai a ƙurarren lokaci, kuma Nvidia yana sayar da nasa katin a farashin da ba za su iya yin gasa da shi ba.

Abin da rashin gasa ya haifar

Idan ana son a ga fa'idar gasa ƙarara, sai a dubi 2008. A watan Yuni na shekarar Nvidia ya fitar da GTX 280 a kan dala 649 da GTX 260 a kan 399. Kafin watan ya ƙare AMD ya fito da Radeon HD 4870 a kan dala 299, wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da GTX 260, cikin 'yan makonni kuwa Nvidia ya sauke babban zuwa 499, ƙaramin zuwa kusan 299. Sai a gwada wannan da abin da ya biyo baya: GTX 1080 ya fito a 2016 a kan dala 599, RTX 4080 ya fito a 2022 a kan 1,199, RTX 5090 kuma a 2025 a kan 1,999. Gaskiya ne kuɗin buga ƙwaya ya ƙaru, gaskiya ne kuma darajar dala ta ragu, amma AMD ma, maimakon ya karya farashi kamar yadda ya yi a da, sau da yawa sai ya jira ya ga inda Nvidia ya tsaya, ya tsaya ɗan ƙasa da shi.

A tsakanin nan kuma aka yi guguwar haƙar kuɗin kirifto, a 2017 da kuma daga ƙarshen 2020, lokacin da masu haƙar Ethereum suka riƙa kwashe katuna, 'yan tarbe kuma suka riƙa amfani da manhajoji suna saye kafin kaya su isa hannun mai bukata, su ɓoye, su sayar ninki, wanda ya haɗa munanan abubuwa biyu da shari'a ta hana a ciniki, wato taren kaya kafin su shiga kasuwa da kuma ɓoye su domin su yi tsada. A Mayun 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci Nvidia tarar dala miliyan 5.5 saboda rashin bayyana wa masu hannun jari yadda haƙar kirifto ta kumbura cinikinsa na katunan wasa. Guguwar ta lafa a Satumbar 2022 da Ethereum ya daina dogaro da haƙa, amma farashi bai koma inda ya fito ba, domin an riga an gwada an ga abin da jama'a za su iya biya. Sa'an nan wani babban mai saye ya shigo: a shekarar kuɗi da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ya samu dala biliyan 130.5, daga ciki 115.2 daga cibiyoyin sarrafa bayanai, 11.4 kacal daga wasanni. Mai wasan da ya raini kamfanin yanzu bai kai kashi ɗaya cikin goma na cinikinsa ba.

So hana ganin laifi

To, me ya sa mutum zai tsaya yana kare kamfanin da yake sayar masa da kaya? Wani ɓangaren amana ce da aka samu bisa cancanta, domin wanda ya daɗe yana amfani da GeForce bai ga matsala ba, ya kuma ji labarin wahalar da wasu masu Radeon RX 5700 suka sha a 2019 da 2020 da allo yana ɗaukewa, yana da uzuri idan ya zauna inda ya sani. Wani ɓangaren ɗauri ne, irin na allo da manhajar aiki da muka ambata. Amma akwai kashi na uku, wanda shi ne ta'assubanci tsantsa: mutum ya kashe kuɗi masu yawa, ransa ba ya son a ce masa ya yi kuskure, sai ya ɗauki sukar kayan a matsayin sukar hankalinsa, ya nemi jama'ar da ke da ra'ayinsa ya shige cikinsu, daga nan kuma ya riƙa auna kowane labari da tambayar wa zai amfana, kore ko ja, ya bar tambayar ko gaskiya ne.

Illar wannan hali a bayyane take. Lokacin rigimar GTX 970 an samu waɗanda suka biya kuɗinsu suna cewa ai katin yana da kyau, a bar maganar. Lokacin RX 560 ma an samu 'yan ja da suka ga abin bai kai a ɗaga murya ba, alhali da Nvidia ne ya aikata da sun cika duniya da kuka. Mai sharhin da ya faɗi aibin kati sai a ce an saye shi, kowane ɓangare yana jifansa da wannan ƙazafi idan sakamakon bai yi masa daɗi ba, har mai raunin zuciya a cikinsu ya fara taunar magana kafin ya faɗe ta. Akwai kuma wani nau'i mai ban takaici, na masu fatan AMD ko Intel su fito da kati mai kyau da araha, domin Nvidia ya rage farashi su kuma su sayi Nvidia; sun manta cewa kamfanin da aka yaba wa kayansa aka ƙi saye ba zai samu kuɗin binciken da zai sake fitowa da wani ba, zai ma fahimci cewa karya farashi asara ce kawai.

Hukuma da mai saye

Hukumomi suna da rawar da suke takawa, wani lokaci kuma sukan yi tasiri. Yunƙurin da Nvidia ya yi a 2020 na sayen kamfanin Arm na Ingila a kan dala biliyan 40 ya rushe a Fabrairun 2022, bayan hukumar ciniki ta tarayyar Amurka ta shigar da ƙara, hukumomin Ingila da na Tarayyar Turai kuma suka zurfafa bincike. Hukumar gasa ta Faransa ta kai samame ofishin kamfanin a Satumbar 2023, ta Sin kuma ta buɗe nata binciken a Disambar 2024. Sai dai hankalin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga ƙwayoyin ƙirƙirarriyar basira da siyasar manyan ƙasashe, tafiyar shari'a kuma ta shekaru ce, alhali zamanin kati ɗaya bai wuce shekaru biyu ba. Shirin 2018 ya mutu cikin wata biyu ba tare da wani alƙali ya yanke hukunci ba. Wasiƙar 2020 ta mutu cikin kwanaki. A wannan kasuwa, aikin hisba ya faɗo ne a wuyan masu gwada kaya da jama'ar da ke sauraronsu.

Mai tace fim a Kano, ko mai zanen gini a Maraɗi, ba ya cikin waɗanda ake tunawa da su lokacin tsayar da farashi a Kalifoniya, bai kuma samu ko sisi daga sasancin GTX 970 ba; amma farashin yana iso masa bayan canjin dala da kuɗin fito sun hau kansa, sau da yawa ma katin na hannu ne da ba a san wahalar da ya sha ba. Saboda haka shi ya fi kowa bukatar ya tsarkake zaɓinsa daga son zuciya. Ya fara duba manhajar da yake aiki da ita, in ta wajabta masa CUDA ya sayi Nvidia bisa sanin cewa larura ce ta kai shi. In ba ta wajabta ba, ya gwada farashi da girman ma'adana da wutar da kati yake sha, ya nemi sakamakon masu gwaji fiye da ɗaya, ya sayi wanda ya fi masa maslaha a wannan karon, ko na AMD ne ko na Intel, ba tare da ya ɗauki alkawarin karo na gaba ba. Haƙƙin kamfani a kan mai saye shi ne a biya shi kuɗin kayansa, a kuma faɗi alherinsa idan ya yi. Kare shi idan ya yi ba daidai ba kuwa aikin lauyoyinsa ne, kuma yana da dukiyar biyansu.